Kukan Sadiku daga Dauran har Ƙaura

Mun wuce Dauran kenan ɗana Sadiku ya fasa kuka a kujerar baya. Watansa biyar, yunwa yake ji.

Daga Zurmi muka taso, zan kai Inna, mahaifiyar maigida, asibiti a Ƙaura. Maigidan ba ya gari, sai tsohuwar motarsa mai giyar hannu, wadda ban daɗe da koya ba.

A littattafan da nake karantawa, mace na tuƙi da hannu ɗaya, ƙamshi na tashi. Ni gumi nake.

Inna ta miƙo Sadiku ta tsakanin kujeru. "Ke ɗiyar ga, amshe shi ki aza bisa cinya ya sha. Hannu guda bai isa tuƙi?"

"Inna, ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na giya. In na taka birki, shi zai fara buguwa."

"To tsaya mana."

"A nan, Inna?"

Ta dubi dajin ta taga. Kowa ya san ba a tsayawa a hanyar nan saboda 'yan bindiga. Ta mayar da shi ƙirjinta tana jijjigawa.

Haka na tuƙa, yana kuka, nono na jiƙa mini riga.

Da muka shiga Ƙaura na kashe mota na karɓe shi. Ya riga ya yi barci, yana ajiyar zuciya.

Na kawo shi lafiya, amma har yanzu kukan na kunnena. Iyaye mata, da ku ne, ya za ku yi?