Filashin Ubaidullahi

Mas'uda maƙwabciyata ce a Tambuwal. Ta koyi gyaran kwamfuta a Sakkwato kafin ta yi aure, kuma a ɗakinta take aiki, tsakanin gado da firji. Matan da ba su zuwa shagunan maza su ne masu kawo mata. Aikinta ɗaya ne kusan kullum: kwamfutar da ta ƙi tashi, sai ta zuba Windows a filashi, ta tada ta da shi, ta ɗora sabo. Ba ta da surutu, kuma ba ta cika kuskure ba.

Bara wata dattijuwa, Hamdiya, ta zo daga Kebbe a kan babur, da kwamfuta naɗe cikin zane. Ta ɗanta ce na fari, Ubaidullahi, malamin firamare da ya rasu a hatsarin hanya. Ma'ajiyar cikin kwamfutar ta mutu ɗungum, sai an sa sabuwa. Abin da ya rage na muryarsa, karatunsa na Alƙur'ani da hirarsa da 'ya'yansa, yana cikin filashi ɗaya da ta ƙulle a bakin mayafi. Don ta ji shi ta zo.

Ran nan filashin Mas'uda yana hannun aro. Da Hamdiya ta kwance nata, Mas'uda ta ce, "Inna, in yi aiki da naki? Amma duk abin da ke ciki za shi goge. Mi ke ciki?"

Hamdiya macen zamanin da ce. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan fari ba, ba ta taɓa nuna ta damu da shi gaban mutane ba, ko a zaman makoki. Ga mata uku zaune a ɗakin. Zancen gogewa kuma bai shige ta ba. Ta kau da kai ta ce, "Tarkacen wancan yaron na. Yi aikinki."

Mas'uda ta danna.

Bayan la'asar kwamfuta ta tashi fes. Matan suka watse. Hamdiya ta matso ta rage murya. "To, ɗiyata, kunna min in ji shi."

"Ki ji wa, Inna?"

Ina tsakar gidana na ji salatin Mas'uda ta kan katanga. Na shiga na iske ta a ƙasa, hannu bisa kai. An kai filashin Sakkwato, ba a ceto komai ba, sabo ya hau kan tsoho.

Har yau Mas'uda tana aikinta. Amma ta daina tambayar kowa abin da ke cikin filashi. Buɗewa take ta duba da idonta.

Hamdiya kuwa ba ta yi kuka a ɗakin ba. Ta karɓi filashin, ta juya shi a tafin hannu, ta ce, "Ubaidullahi."