Gurasar Baikon Barno

Ƙanena Mahkam ba matsoraci ba ne, kada wani ya ji labarin nan ya ce ni na faɗa. A ƙarƙashin motocin bas na Tashkent ya tsufa yana gyara, har ya taɓa karyewa a hannu ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa aikinsa. Abu guda yake tsoro a duniya, wato baƙo ya tashi daga gabansa da yunwa.

Na san mafarin abin, don ina wurin. Ranar aurensa shinkafa ta ƙare a kasko tun dattawan layin baya ba su zauna ba. Mahaifinmu ya tsaya a ƙofa yana ba mutane haƙuri, bai kuma ƙara zama a wurin shan shayin unguwa ba har Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan, in mutum biyar za su zo gidan Mahkam, tukunyar mutum ashirin yake ɗorawa. Ba ya zama, ba ya ci. Yana tsaye a bayanka yana leƙen farantinka, ka rasa yadda za ka yi ka haɗiye loma.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Barno, mai aiki a kantin magani. Sai da bakin 'yan unguwa ya gaji da zancen rashin aurenta sannan ta kawo Davron, kuku a wani gidan abinci na masu hali inda ake haɗa girkin Japan da na Italiya. Yaron kirki ne, ni ma da ba na yabon mutane na yaba. Amma maraya ne, magana tana hannun kakansa Norkul-bobo, bobo wato kaka a yarenmu, wani tsoho daga ƙauyukan Karshi. An ba mu labari ya taɓa zuwa neman wa wani jikan aure, ya ga teburin gidan fayau, ya miƙe ya fita bai karya gurasa ba. In kuwa ba a karya gurasa ba, ai babu baiko.

Yaran zamani suka kafe a wurin aikin Davron za a haɗu da rana, mai gidan ya ba shi tebur. Barno ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, don girman Allah, ba a shiga da abincin waje. Ko ƙwayar zabibi. In aka kama, aikin Davron ne zai tafi. Gurasar ma su za su gasa."

"To me mutane za su ci?"

"Kala goma sha biyu, Baba."

Har ya yi ajiyar zuciya, sai shegiyar yarinya ta nuna masa hotunan abincin a waya. Bai ƙara barcin kirki ba.

Ranar, ana tsananin zafi, ya fito da kwat mai kauri ya shiga tasi a sandare. Ba mu kai titi ba na ji ƙamshi.

"Mahkam, me nake ji haka?"

"Turare ne, Yaya."

"Turaren tanderu?"

Ya damƙe min hannu, tafinsa sanyi ƙalau. "Ki rufa min asiri." Gurasa biyu ya ɗaure a ciki da bel, da zafinsu, tun da a al'adarmu ba a kai gurasa guda.

Gidan abincin duhu-duhu da rana tsaka, shiru kamar asibiti. Tebur katako zalla, ba shimfiɗa, ba gyaɗa, ba ko butar shayi. Masu girki a gabanmu suke aiki, ga Davron can ya sunkuya yana ɗora ganye da hantsaki. Aka kawo na farko, yankan ɗanyen kifi bai fi babban yatsa ba, a tsakiyar faranti mai faɗin tire, da ɗigon man zaitun. Yarinyar da ta kawo ta daɗe tana bayani fiye da yadda za a daɗe ana ci. Norkul-bobo ya zauna cikin jabbarsa ya zuba wa kifin ido. Bai taɓa ba.

Aka kawo taliya naɗi ɗaya da ƙwan kifi a kai. Bai taɓa ba. Aka kawo romo a ɗan kofi. Ko kallo bai yi ba. Kowane faranti aka ajiye, sai Mahkam ya ƙara yin fari. Zufa tana bin wuyansa, ya kasa ko sunkuyawa.

"Baba, a karɓi kwat ɗin?" in ji yarinyar da ke kawo abincin.

"Sanyi nake ji," in ji shi, zufa na ɗiga a haɓa.

Shugaban masu hidima, wani dogo mai baƙaƙen kaya, ya wuce ta bayanmu ya ɗan tsaya yana jan hanci. Ni da nake wa Mahkam dariya shekara da shekaru, ranar na ji irin tsoronsa a ƙirjina. In ya fito da gurasar, yaro ya rasa aiki, Barno ba za ta yafe ba. In bai fito da ita ba, tsoho ya tashi.

Can sai ga gurasar baikon. Guda ɗaya, ba ta fi ƙwan kaza ba, baƙa ƙirin wai da tawadar wani kifi aka kwaɓa, a kan ɗan dutse. Norkul-bobo ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya juya, ya ajiye. Ya dafa tebur ya miƙe.

Barno ta toshe baki. Mahkam ya ce a kunnena, "Yaya, an maimaita ranar aurena."

Tsohon ya yi gyaran murya.

"Mahkam-jon, ɗana, ka yafe mana. Jikana ne ya kira ku nan ya zaunar da ku da yunwa. Tun ɗazu kunya ta hana ni haɗiyar ko ruwa. In ka ce ka fasa ba mu 'yarka, wallahi ba ka yi laifi ba."

Ya buɗe jabba. Gurasa biyu ce ɗaure da ɗankwalin ƙugu.

Mahkam ya saki baki. Sannan ya miƙe ya fara ɓalle maɓallai, har nasa biyun suka bayyana. Tsoho ya kalle su, ya kalle shi.

"Naka da sauran zafi?"

"Sun ƙona ni, bobo."

"Ka more. Nawa tun a hanyar Karshi suka huce."

Dogon nan ya nufo mu. Davron ya ajiye hantsaki, fuskarsa kamar an wanke da toka. Mutumin ya tsaya ya dubi gurasa huɗu, ya juya ya wuce, na ce shi ke nan ya tafi kiran mai gida. Sai ga shi da farin ƙyalle, ya shimfiɗa da kansa.

"Ba a ajiye gurasa a kan katako tsirara," in ji shi a hankali. "Kakata za ta tsine min."

Norkul-bobo ya yi bisimilla, ya haɗa tasa da ta Mahkam ya karya, aka shafa fatiha. Ƙanena kuwa ya koma halinsa, ya tsaya yana tura wa kowa gutsure, yana ƙirga bakuna da ido. Tsoho ya kamo hannun rigarsa ya danƙa masa wani babban ɓari.

"Zauna ka ci. Yau kai ne baƙo."

Ya zauna. Rabona da in ga Mahkam yana tauna a cikin mutane tun kafin ranar aurensa. Ya ci gurasar, ya dangwali romon, har ɗanyen kifin ya haɗa bai sani ba. Na juya kai ina share ido da gefen gyale, don kada Barno ta ga gwaggonta tana kuka. Har muka tashi bai leƙa farantin kowa ba.