Geron Inna da Rediyon Baƙo

Surukata Inna tana da gwiwa ɗaya da take duba ruwan sama da ita, ta hagu. Ta dama ta tafiya ce kawai. Tun da aka kawo ni gidansu a Tandabawi nake jin labarin gwiwar nan, wai a ƙauyensu can ƙasar Sakkwato ba mai ɗaukar sungumi sai an aiko an tambayi lafiyarta. To amma mu a Makka muke, garin da sai a shekara sama ba ta yi ko tari ba, in kuma ta tashi yi sai ta kwashe kwanonin unguwa ta gangara da su. Gwiwar ba ta taɓa hango irin wannan ba. Ita dai duk shekara, zafi na kai wa maƙura, sai ta fara tsuku, Inna ta sa a kwashe shanya, mu zauna muna kallon sama fes kamar an wanke faranti.

Da a kwashe shanya abin ya tsaya da da sauƙi. Inna tana da wani ɗan tandu da ta taho da shi tun zuwanta Makka a ƙasa, cike da irin gero na gonar ubanta. Duk lokacin da gwiwa ta yi magana sai ta hau saman gida, inda ta jera tsofaffin garewani cike da ƙasa, ta yi binne. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, a bar shi ya jira. Na sha ce mata ga ɗan garuwa nan kullum yana kawo mana ruwa, a zuba mana. Sai ta dube ni yadda ake duban wanda aka haifa a Makka bai san komai ba, ta ce gero ba salak ba ne, ba a yi masa ban-ruwa, na sama yake sha. Haka irin yake zama a garwa har ya soyu, tandu kuma yana ta yin ƙasa. Shekarar da nake ba da labari abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

A shekarun nan na sittin aikin Hajji yana faɗowa ne daidai sanda zafi ke ɗaura ɗamara, mu kuwa mukan ba da saman gida haya ga alhazan da muɗawwafi, mai yi wa alhazai jagora, ya turo. Cikin waɗanda aka kawo mana akwai wani tsoho jajir daga wata ƙasa ta arewa mai duwatsu da tafki. Ya zo da rigar ulu mai nauyin bargo, ya kuma ƙi rabuwa da ita, yana gumi yana tasbihi. Sauran alhazai da an yi asuba suna Harami. Shi kuwa da ya dawo sai ya rungume wata rediyo mai batir, yana murɗa ta yana zagaya rufin da ita, har ya kamo tashar ƙasarsu cikin ƙara da shuu.

Ni ke kai shayi bakin matakala, ni ce kuma mai Larabci, domin na Inna bai wuce ciniki da zagi ba. Larabcin tsohon na allo ne, in yana neman sukari sai ka ɗauka huɗuba zai yi. A haka na gane abin da ke hana shi sukuni. Ba labarin duniya yake nema ba, hasashen yanayi yake jira. A ƙasarsu lokacin nan ƙanƙara take narkewa a kan duwatsu ta gangaro tafki, itatuwan marmarin gonarsa, wai su mishimishi, suna fure. In ɗumi ya zo a hankali, an tsira. In sanyi ya juyo bayan fure ya buɗe, shekarar ta tafi. Mutum ya keto duniya ya zo Ɗakin Allah, zuciyarsa tana can rataye a reshen mishimishi. Na ce wa mijina lallai gidanmu ya yi sa'a, mahaukatan sama biyu a rufi ɗaya.

Ran nan Inna ta hau duba garewaninta, ta tarar da shi ya miƙe tsaye da rediyo a kunne yana hamdala.

"Ke 'yar nan, mi yac ce?"

Na tambaye shi. Ya ce an faɗa sanyi ya wuce, iska mai ɗumi na tafe, za a yi ta ruwa a kan duwatsu, tafki zai cika. Na fassara mata kalma kalma, na kuma ƙara da cewa duwatsunsu ake nufi, ba namu ba, tsakaninmu da su akwai teku da ƙasashe.

"Sama guda ta," in ji Inna. "In ta zuba can, nan taka tahowa. Ga gwiwa ta hwaɗi, ga akwati ya hwaɗi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce mata irin geron nan shi ke nan abin da ya rage, ta bar shi a tandu ko don ta riƙa gani. Mijina ma ya sa baki, ta ce shi da aka yaye da burodi ya yi mata shiru. Ta zazzage tandun a hannunta, ta bi garewanin tana tona rami da ɗan yatsa, tana jefa ƙwaya tana rufewa da dunduniyar hannu. Tsohon bai san Hausa ba, amma da ya ga abin da take yi sai ya ajiye rediyo ya tsuguna yana matso mata da garwa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya duba, ya shinshina, ya mayar mata da hannu biyu.

Aka fita Arfa, aka kwana Muzdalifa, aka dawo. Sama ko gezau. Kullum rediyo tana ta zuba ruwa a ƙasar mutane, tsoho yana hawowa da albishir, Inna tana shafa gwiwa tana duban arewa. Da alhazai suka fara ɗaure kaya sai ta daina tambayar me akwati ya ce. Ta daina ma faɗa da ni, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ranar da tsohon zai tafi ya tsaya kan garewanin ya jima, sannan ya ce mini cikin Larabcinsa na huɗuba, in gaya wa Hajiya zai tura mata gajimare in ya isa. Ban fassara ba.

Bayan azahar Inna ta kishingiɗa. Ɗan garuwa ya kawo ruwa, na ce ya hau mini da garwa guda sama, tsohuwar garwar kananzir da yake ɗiba da ita. Na ɗauko rariyar tankaɗe, na ɗaga ta sama da kaina, ina kwarara ruwa da moɗa yana sauka yayyafi yayyafi. Na jiƙa garewanin, na jiƙa daɓe, na jiƙa har igiyar shanya, don in za a yi ƙarya a yi ta da kyau. Ƙasar ta yi wani ƙamshi da ban taɓa ji ba a rayuwata, na tsaya da rariya a hannu kamar sakarya.

Da la'asar na ji tana hawa matakala, gwiwar dama tana jan ta hagu. Na bi ta. Ta dubi daɓe, ta dubi sama da ko tsumman gajimare babu. Ta durƙusa ta ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kai hanci, ta rufe ido ta daɗe. Hawaye na gani, ni ma nawa suka zo.

"An yi ruwa," ta ce.

"An yi, Inna."

Ta sake shinshinawa. "Ruwan Makka dai warin kananzir garai."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta karkaɗe zane.

"Gobe ma a yi shi. Amma da sahe, kahin rana ta yi zahi."