Ayata Busasshiya Ce

Ban koyi Sifaniyanci don sha'awa ba. Haushi ne ya koya mini.

Sana'ata aya. Daga Nijar ake shigo mini da ita ta Ƙonni, matan ƙauyukan Araba da Amarawa su taru a tsakar gidana su bakace ta, su tsince tsakuwa, mu shanya, mu ɗura a buhu. Babbar mai sayenmu wata tsohuwa ce a Sifen, can ma ashe kunun aya suke sha kamar mu. Tun mijina yana raye take karɓar kayanmu ta hannun dillali. Da dillalin ya tsufa, sai ga ɗan goggona ya dawo daga can, bayan shekarun da ya yi yana tsinkar tumatir a gonakinsu. Taubashina ne, ko zagina ya yi, al'ada ta ce in yi dariya. Na sa shi tafinta, na ce na gida ya fi bare.

Idan tsohuwar ta kira ta bidiyo, shi ke riƙe wayar. Ya miƙe ƙafa a tabarmata, ya yi ta zuba yare yana kallona yana murmushi.

"Mi tac ce?" in tambaye shi.

"Tana gaishe ki, Hajiya. Kasuwa ce dai ta yi sanyi wajensu."

Kasuwa ta yi ta sanyi har buhunan da take karɓa suka ragu, shi kuwa ya kama shago a bakin tasha ya fara tara tasa ayar. Akwai wata kalma da na lura ba ya gama magana bai faɗe ta ba, mojada, kuma da ya faɗa sai tsohuwar ta ɓata fuska. Wata rana bayan ya fita na maimaita wa wayata kalmar, ta fassara mini: jiƙaƙƙiya. Wato ni ce mai yayyafa wa aya ruwa don ta yi nauyi a sikeli. Ni, da ko mudu ban taɓa tauyewa ba!

Da na tare shi a lokacin, cewa zai yi wasa ne, dangi su ce mini ai taubashi ba ya laifi. Kuma kalma ɗaya ba ta wanke suna. So nake in faɗa wa matar nan gaskiya da bakina, yana zaune yana ji.

Na fara da abin da ke gabana. Aya chufa, tsakuwa piedra, sannan buhu, sikeli, rana, ƙasa. Duk abin da hannuna ya taɓa sai na nemi sunansa kafin in ajiye shi. Amma kaina ya zama rariya, abin da na zuba da safe kafin la'asar ya tsiyaye. Wata 'yar Ƙonni cikin masu yi mini aiki, wadda ta ɗan yi boko da Faransanci, ita ta ce, "Hajiya, abin da ba a son mantawa ai waƙa a ka sa shi."

Haka muka sa kalmomin cikin waƙar bakace. Ni in bayar, su amsa, faifai yana tashi yana sauka. In na ce seca su ce busasshiya, in na ce limpia su ce tsabtatacciya. Kowace kalma sai mun nemo mata kishiyarta da 'yan uwanta, don kalma ita kaɗai ba ta zama a kai. Na bar kallon finafinai, na koma kallon matan Sifen suna ciniki a kasuwa suna girki, in tsayar in maimaita har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Daga baya na shiga neman kalmomin faɗa: ƙarya, cuta, kunya. Waɗannan ban sha wahalar haddace su ba ko kaɗan.

Damina ta wuce, sabuwar aya ta shigo, ina ji taubashin nawa yana sayar da ni a gabana ina yi masa dariya. Na ji ya ce da matar Sifen ɗin ni tsohuwa ce mai rikici, shi ke sake shanya kayana don tausayi. Na ji ya ce gara ta riƙa saye a shagonsa kai tsaye. Na kawo masa fura mai sanyi, na ce ya ƙara, Allah Ya sani zuciyata tafasa take.

Ranar da na shirya, na sa aka jera sababbin buhuna a tsakar gida, matan duk suna kan faifansu. Tsohuwar ta kira. Ya gaishe ta, ya gyara zama, ya ce ayar Hajiya ta bana ma mojada.

"Mentira!" Matan suka amsa baki ɗaya, kamar yadda muka saba a waƙa. Ƙarya ke nan.

Na karɓe wayar daga hannunsa, na kwance bakin buhu, na cusa hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga ƙasa, na zubar a faifai ta ji ƙararta. Na ce da ita, da Sifaniyancina mai ɗingishi, ayata busasshiya ce, tsabtatacciya ce, ban taɓa zuba mata ruwa ba, mutumin nan yana da shago, sunana yake ci. Ta sa na maimaita a hankali. Sannan ta ce in nuna mata fuskarsa. Na juya wayar, na riƙe ta a kansa har sai da ya sunkuyar da kai.

"Haba Hajiya, wasa nike, ke da ɗan goggonki," ya ce bayan ta kashe.

"Wasan taubasai gaba da gaba a ka yin shi, da harshen da kowa ka ji. Tashi ka ba ni tabarmata."

Tsohuwar ta dawo da cinikinta duka, ayarsa kuma ƙwari suka cinye rabinta a shago kafin ya samu mai saye. Goggo ta aiko, kawu ya zo da kansa, wai in yafe don zumunci. Na ce na ji. Ina gaishe shi a biki da suna, amma ban yafe ba. Idan aka tsayar da mu gobe ƙiyama, da harshe biyu zan kai ƙararsa.