Madam Ankor da 'Yan Muhawararta

A makarantar sakandaren da take koyarwa babu mai kiran ta da sunanta. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Madam Ankor, don ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinta a aji, wato "a sake" da Faransanci. Yaro ya karanta jimla, ta ce ankor. Ya sake, ta runtse ido kamar an taka mata ƙafa, ta ce ankor. Sunan ya bi ta har ɗakin malamai, har bakin mai gadi.

Tun asali ba koyarwa ta sa a gaba ba. Babanta mai gyaran rediyo ne, a shagonsa ta fara jin harshen in yana murɗa tasha don gwaji, ta riƙa roƙonsa ya bar mata wajen mutanen nan masu magana ta hanci. Ta yi karatu da burin zama tafinta, irin masu zama cikin ɗakin gilashi a manyan taruka. Aikin bai samu ba, aure ya zo, haihuwa ta biyo, aka ce ta riƙe alli kafin wani abu ya fito. Yanzu babbar 'yarta ta kusa gama jami'a, ita kuwa allin na nan a hannunta.

Abin da ke ci mata rai ba yaran ba ne kawai. Darasinta kullum a ƙarshen yini ake sa shi, lokacin da yunwa ta gama da kowa. In za a share fili, lokacinta ake ɗauka. In masu allurar rigakafi sun zo, nata ne. Malamin lissafi kuwa ya mai da shi kamar gonar gado, sai ya leƙo da murmushi ya ce a ara masa, jarrabawa ta matso, kamar ita nata darasin ba a jarraba shi. Ƙungiyar Faransanci da ta kafa an ba ta ɗakin ajiya na bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda ake jibge karyayyun kujeru da wani ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya. Da shi ta koyar da sunayen gaɓoɓin jiki, tunda dai ba inda za ta kai shi. Farkon shekara ɗakin ya cika maƙil, don wani ya baza cewa za a kai 'yan ƙungiya ƙasar waje. Da gaskiya ta fito sai aka watse, aka bar ta da uku.

Akwai Rikoda, yaron da in ya ga rubutu sai ya haɗiye shi duka, amma in ka tambaye shi ma'anarsa sai ya kalli silin. Akwai Lauya, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi hujja. Sai Aku, yarinyar da bakinta ba ya hutawa tun daga ƙofar makaranta, amma da an ce ta faɗi jimla ɗaya da Faransanci sai ta koma kurma.

Ana cikin haka shugaban makaranta ya aika a kira ta. Ya ce an shirya gasar muhawara da Faransanci tsakanin makarantu, kuma ya riga ya amsa. Batun shi ne ko a hana ɗalibai zuwa makaranta da waya, su kuma za su goyi bayan hanawa.

"Ranka ya daɗe, yaran nan ko lokaci ba su iya faɗa ba," in ji ta.

"Ai shi ya sa muke da ke, Malama," ya ce, ya ci gaba da latsa tasa wayar.

Ta koma ta rubuta wa kowa jawabinsa. Kullum bayan an tashi tana ɗakin ajiya tana fama, gumi na bin bayanta. Rikoda ya haddace nasa tun a makon farko. Lauya ya ce shi bai yarda da hana waya ba, don haka lamirinsa ba zai bar shi ya karanta ba, sai da ta ce to lamirin nasa ya shirya maimaita aji. Aku kuwa ta riƙe takarda tana motsa leɓe, ba sauti. A gida maigidanta, mai aikin famfo, shi ya zama alƙalin gwaji. Kalma ɗaya ya sani a harshen, ta godiya, ita yake faɗa duk inda ta tsaya, wani lokaci ma cikin gyangyaɗi.

Ranar gasa aka ce motar makaranta ta tafi da 'yan ƙwallo. Maigidan ne ya kwashe su a motar aikinsa, yaran na zaune a baya tsakanin bututu da gwangwanayen gam. Suna isa zauren, babbar alƙaliya ta ɗago wani kwali ta ce kowace makaranta ta zo ta zari ɓangarenta. Ashe ƙuri'a ake yi, shugaba ne ya zaɓa musu ɓangare da kansa don shi ya fi kwanta masa. Lauya ya sa hannu ya zaro musu goyon bayan waya.

Madam Ankor ta ja su gefe, ta ce su juya duk abin da suka koya, inda aka ce waya na da illa su ce tana da amfani. Rikoda ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ya hau mumbari ya zazzago jawabinsa yadda yake, ya la'anci waya tun daga farko har ƙarshe, har da wurin da ta rubuta masa a gefe cewa ya dakata nan ya kalli alƙalai, shi ma ya faɗe shi da ƙarfi. Yaron farko na ɗaya makarantar ya tashi ya gode masa da ya rage musu aiki. Lauya ya samu ɓangaren da yake so, ya fara da kyau, amma da zance ya yi zafi sai ya zarce da Hausa yana nuna alƙalai da yatsa, aka kaɗa masa ƙararrawa. Madam ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta, tana tunanin ta wace ƙofa za ta fita.

Sai wata yarinya daga can ɓangaren, mai lafazi sumul, ta ce cikin murmushi da alama abokan karawarsu sun baro harsunansu a gida. Wannan jimlar kam Aku ta gane ta. Ta tashi, ta bar takardarta a kujera, ta fara magana. Ta ce tana da ƙane a ƙaramin aji mai ciwon asma, ran da numfashinsa ya sarƙe sai da ta zagaya makaranta tana neman wanda zai ara mata waya ta kira mamansu. Ta nuna ƙirji, ta nuna maƙogwaro, ta kira su da sunayen da ta koya a jikin ƙwarangwal. Namiji ta mai da shi mace, abin da ya faru bara ta sa shi a gobe. Kowane kuskure sai Madam ta ji shi kamar tsinke a kunne, amma kowa a zauren ya kasa kunne, kuma yarinyar ba ta tsaya ba har aka kaɗa ƙararrawa, ta ƙara da jimla biyu a kai.

Ba su ci ba. Su ne na biyun ƙarshe, shi ma don wata makaranta ba ta zo ba. A hanyar komawa Rikoda ya tambaya ko ya yi kuskure a wani wuri, Madam ta ce ya yi mata shiru don girman Allah.

Tun daga ranar bakin Aku ya buɗe, kuma bai sake rufuwa ba. Tana tare Madam a baranda, a bakin famfo, har a ƙofar ɗakin malamai, tana ba ta labarin unguwarsu da wani irin Faransanci da babu ƙasar da za ta amsa nata ne. Ta jawo ƙawayenta cikin ƙungiyar, duk masu baki irin nata. Madam ta fara yawo da maganin ciwon kai a jaka.

Wata Asabar tana wanki tana mita, maigidan ya ce tunda abin ya ishe ta haka, ta ajiye aikin mana ta huta. Ta matse rigar da ke hannunta ta ce za ta ajiye, amma ba yanzu ba. Ba za ta bar yarinyar nan ta shiga duniya tana kiran ƙanenta mace ba, a ce ita ta koyar da ita.