Dattijo Mai Ɗaki Takwas

Anti Yi-Haƙuri ake ce mata a unguwa, don daga ƙarfe takwas na safe kalmar da ke fitowa ta tagarta ke nan. Tana gaban kwamfuta, abin sauraro manne a kunne, tana lallashin mutanen da ko a hanya ba ta taɓa gani ba. Mijinta ya ce da gida ake ba rabin lallashin nan, da tuni ya yi tumbi.

Kamfaninsu ne ke da shafin intanet da matafiya ke kama ɗakin otal ta waya. Ita masu otal ɗin take kula da su, su arba'in, amma wani dattijo mai ɗaki takwas ya fi sauran duka ba ta ciwon kai. Ɗakunansa fes, bakinsa da daɗi. Sai dai duk wanda ya tsaya masa a ƙofa da jaka, sai ya miƙa makulli, ko da an riga an kama ɗakin a shafi. Wanda ya kama ɗakin ya iso ya tarar da wani ƙato yana minshari a gadonsa.

Dokar kamfani kuwa, aka yi haka sau uku an cire otal daga shafin, alhali yawancin baƙin dattijon daga shafin suke zuwa. Ta koya masa rufe ɗaki a waya har yawunta ya ƙafe. Sau biyu ta rufa masa asiri, ta rubuta wai na'ura ce ta yi kuskure. Na ukun ya faɗa kan wata mata mai yara biyu, shugabar Anti ta tono duka ukun, ta ce ko otal ɗin ya fita yau, ko Anti ta fita.

Anti ta kira dattijon.

"'Yata, mutum ne tsaye a gabana, ƙafa duk ta kumbura," in ji shi. "In ce masa ɗakin na wani suna ne da ke cikin waya?"

Ta ce sunan nan ma mutum ne, Baba, a tasha matar nan ta ƙare, ita da 'ya'yanta. Ta gaya masa za a cire shi, ya sa mata albarka kamar bai gane abin da take nufi ba, ta danna maɓallin cire shi. Ranar ko tukunya ba ta ɗora ba.

Ran Litinin sai ga kiransa. Bayan gaisuwa ya tambaya ko lafiya, kwana huɗu wayarsa ba ta kawo baƙo ko ɗaya ba, ko za ta duba masa.