Rabin Mintin Ɗayyabu

Duk wanda ya taɓa kai wa Sagiru Mai Rediyo gyara a Dutse ya san halinsa guda ɗaya: ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Ka kai masa fanka ka ce maɓalli ne ya lalace, ka dawo ka tarar ya canza maɓallin, ya miƙe fukafukan, ya ɗiga mai, har kejin ya wanke. In ka yi magana ya ce, "To da so kake in ga ciwo in kau da kai?" Matarsa Munira kan ce da za a ba shi dama, sai ya sa sukundireba ya buɗe jariri ya ga abin da ke sa shi kuka.

Ɗan malami ne daga Kiyawa. Yana shekara goma sha biyu ya faki ido ya kwance amfilifayar masallacin unguwarsu, wadda ta shekara tana shaƙe muryar ladan. Mahaifinsa ya riga ya ɗauko bulala sai aka kira azahar, muryar ta fito tas har bakin kasuwa. Malam ya ajiye bulalar ya ce, "Allah ya shirye ka." Bayan ya sauke Alƙur'ani ya tafi Kano ya koyi sana'ar shekara shida, ya dawo ya kama shago kusa da tasha. Tun daga nan yake fama da rediyo da talabijin da kayan sautin masallatai, da na sha'irai da masu biki waɗanda ba su da magana sai a ƙara musu eko, wato amsa-kuwwar nan da ke mayar da kalma ɗaya ta zama biyar. Shi kuwa Sagiru raina ekon zamani yake yi, ya ce kamar mutum ne ya zura kai a cikin duro yana ihu. Maigidansa na Kano ya sha ba shi labarin eko mai zare na mutanen da, mai sauti da ɗumi, amma bai taɓa jin ko ɗaya yana aiki ba. Abin ya daɗe yana masa ƙaiƙayi a rai.

Wata Talata da hantsi adaidaita ta sauke wani dattijo a ƙofar shagon, farin gemu, hannuwa duk faso irin na mutanen fadama. Ya shigo da wani dogon abu naɗe cikin zani, da buhun taki mai nauyi. Da ya warware zanin, Sagiru ya miƙe tsaye bai sani ba. Jita ce mai lantarki, ja, fentin wuyanta ya goge saboda hannu.

"Baba, ta wa ce wannan?"

"Tawa ce. Ka ga ban yi kama ba ko?"

Sagiru bai gama rufe baki ba dattijon ya zaro na cikin buhun: akwatin ƙarfe baƙi mai maɓallai a gaba. Ya ɗaga murfin, ga zaren kaset a nannaɗe, an haɗe bakinsa da wutsiyarsa don ya riƙa zagayawa ba ƙarshe. Eko mai zare, a Dutse, a cikin buhun taki! Sagiru ya koma ya zauna.

Sunan dattijon Baba Yahuza, manomin tumatir da albasa a Ringim. Da ƙuruciya shi da wansa Ɗayyabu sun yi kiɗan jita a wani otal a Kano, har Damagaram ana ɗaukarsu. Wata rana a 1986 suna gwaji a ɗaki, akwatin ya yi ɗan hayaƙi, ekon ya ɗauke. Ɗayyabu ya ce in ya dawo daga sunan da za shi a gida zai kai gyara. Motar da ya shiga ta kife a hanyar Ringim, bai dawo ba. Sai bayan arba'in Yahuza ya iya jona akwatin, kuma abin da ya ji ya kusa sumar da shi. Akwatin ya daina ɗauka, ya daina gogewa, ya tsaya a kan abin da ya shiga zaren na ƙarshe. Rabin minti ne: Ɗayyabu ya kaɗa wani ɗan salo, ya tsaya ya ce, "Yahuza, shigo mana," ya yi dariya, sai zaren ya zagayo a sake daga farko.

"Ba mu da hotonsa ko ɗaya," in ji Baba Yahuza. "Ba kaset, ba komai. Shekara talatin da takwas, duk Juma'a bayan la'asar ina rufe ƙofa in kunna. In ya ce shigo, in shiga, mu yi kiɗanmu. Watan jiya injin ya daina juyawa. Shi kaɗai nake so, ɗana, ya juya. Sai jitar, tana ƙara in na taɓa ta. Zaren nan kuwa amana ne."

"Baba, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Dattijon ya shafa murfin akwatin. "Da ka ji shi lokacin yana da lafiya. Ka taɓa tsirkiya ɗaya, ya amsa maka sau uku, kowace amsa ta fi ta gabanta laushi. Wannan sauti ya tafi da mutanensa."

Maganar tsufa ce kawai yake yi, ba roƙo ba. Amma ya faɗe ta a kunnen da bai kamata ba.

A yi wa Sagiru adalci, ya riƙe amanar zaren. Ya wanke hannu, ya zare shi a hankali, ya sa a gwangwanin madara mai murfi, ya kai gida ya ɗora a saman kwaba, nesa da duk wata sifika, don ya san maganaɗisu na cinye sauti. Jitar bai kwana biyu a kanta ba: ya sake liƙa wayar ramin jonawa da dalma, ya wanke maɓallan, ya sa tsirkiyoyin da ya aika aka sayo daga Kano. Injin akwatin ma robarsa ce ta tsinke, kafin la'asar ya juya. A nan aikin da aka ba shi ya ƙare.

Sai dai idonsa ya riga ya faɗa kan wani ɗan kafasita, irin 'yan ƙananan kayan wutar nan na cikin rediyo, da ya ƙone ya yi baƙi, da wayar da ta narke kusa da shi. Ciwo ne a fili, shekara talatin da takwas yana jiran mai magani. Ya ce a ransa zai ba tsohon nan mamaki, ya dawo masa da sautin da ya ce ya tafi da mutanensa. Kwana tara ya yi yana fama. Ya farke tsofaffin rediyoyi huɗu kafin ya sami kayan da suka dace, ya yanko wani zaren daga wani tsohon kaset don gwaji. Ranar da ya jona jitar ya taɓa tsirkiya ɗaya, akwatin ya amsa sau uku, kowace amsa ta fi ta gabanta laushi. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo yana tambaya ko aljanu aka kawo gyara.

Da ya koma gida bakinsa ya ƙi rufuwa, ya zaunar da Munira yana zana mata da yatsa a kan tabarma. "Kin ga, kawuna uku zaren yake bi. Na farko ya goge abin da ke kai, na biyu ya ɗauki sabo, na uku ya maimaita. Biyun farko ne suka mutu, yau na tashe su."

"Baban Hadiyya, shi ya ce ka tashe su?"

"Ke dai ba ki san daɗin aiki ba."

Da bakinsa ya ce na farko gogewa yake yi. Gwangwanin madarar na saman kansa a lokacin, bai ko ɗaga ido ba. Murna ta rufe masa ido ruf, kuma wallahi abin da ban haushi, don ba jahilci ba ne.

Ran Juma'a da safe Baba Yahuza ya zo cikin wankakkiyar riga. Sagiru ya shimfiɗa masa darduma a kan benci, ya miƙa masa jitar, ya buɗe gwangwanin a gabansa don ya ga ba abin da ya sami zaren. Ya mayar da shi mazauninsa da ladabi. Har wayarsa ta hannu ya jingina kusa da sifika tana ɗauka, wai don a adana muryar marigayin a wuri na biyu. Ya ce bismillah, ya danna.

Sautin jita ya fito, tsirkiya ɗaya, bai kai ƙiftawar ido ba. Daga nan sai shuu.

Baba Yahuza ya gyara zama, yatsunsa a kan tsirkiya, yana jira. Sagiru ya murɗa maɓallin ƙara. Shuu ɗin ya ƙaru. Ya taɓa wayar sifika, ya duba soket, ya ɗan bubbuga gefen akwatin, zaren kuwa na ta tafiya sumul, lafiya lau, yadda ya gyara shi ya tafi.

"Malam Sagiru," in ji dattijon a hankali, "ina Ɗayyabu?"

Sai a sannan idon Sagiru ya sauka a kan kai na farko, da sabuwar dalmar da ya liƙa da hannunsa tana ƙyalli. Ya yi wata irin ƙara, ya fizge wayar wuta daga bango har soket ɗin ya biyo ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba, na goge shi. Ni na goge shi."

"Ka goge wa?"

Sagiru ya durƙusa a ƙasa ya yi bayani, bai ɓoye komai ba. Dattijon bai yi faɗa ba, bai zage shi ba, kuma da zagin ya yi da ya fi sauƙi. Kallon akwatin kawai yake yi baki buɗe, kamar yau aka zo masa da labarin motar. Can ya ce, "Na ce maka ya juya kawai."

"Haka ka ce, Baba."

"Akwai abin da ya rage?"

Sagiru bai sani ba. Ya ɗauki filaya, ya datse wayar da ya yi kwana tara yana nema, ya cire kafasitan ya jefar, don kan nan ya daina gogewa. Tunda yake bai taɓa lalata abu da gangan ba sai ranar. Ya jona akwatin a wani soket, ya kasa dannawa, sai Baba Yahuza ne ya miƙa yatsa ya danna.

Shuu. Kiɗan babu. Inda ake cewa shigo mana ya zo ya wuce, babu. Sagiru ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan siminti. Sai ga dariya, gajeriya, ta saurayi mai ƙoshin lafiya, ta cika shagon ta ɗauke. Shuu ya ci gaba.

Sau uku zaren ya zagayo, sau uku Baba Yahuza ya ɗaga hannu zai shiga, ya rasa ta inda zai shiga, don ba wanda ya kira shi. Ya kashe akwatin, ya naɗe jitar cikin zaninta, ya mayar da akwatin cikin buhun taki da kansa. Sagiru ya kai hannu zai taya shi ɗauka, dattijon ya janye buhun.

"Na yafe maka, ɗana, don Allah. Amma wannan da ya rage, kada ka gyara min shi."

Har yau shagon na nan kusa da tasha. Wasu na cewa Sagiru ya yi sanyi, don in ka kai masa fanka ka ce maɓalli, maɓallin zai canza, ya nuna maka sauran ciwon da yatsa ya tambaye ka har sau biyu ko a taɓa. Abin da wayarsa ta ɗauka ran nan yana ciki: tsirkiya ɗaya, dogon shuu, da muryar tsoho yana tambayar ina wansa. Ya canza waya sau biyu, kowane karo sai ya sa an kwashe masa shi zuwa sabuwar, amma bai taɓa kunnawa ba.